Zafin Bazara Da Kwamfutar Gida: Inda Jarin Ɗan Kasuwa Ke Ƙonewa A Ɓoye

Daga tsakiyar watan Fabrairu zuwa faɗuwar ruwan farko, lokacin da hunturu ya janye bazara ta kankama, masu gyaran kwamfuta a kasuwar Ikeja da ke Ikko, da Banex a Abuja, da titin Beirut a Kano, sukan yi ta karɓar na'urori masu ciwo iri ɗaya. Kwamfuta ta yi nauyi, fankarta na ruri kamar injin niƙa, can da rana tsaka ta ɗauke ba sallama. Mai ita yakan ɗora laifin a kan wutar lantarki ko ƙwayar cuta ta kwamfuta, wani lokaci ma a kan yaran gida. Sau da yawa kuwa zafi ne kawai ya yi wa furosesa yawa, wato ɗan ƙaramin sashen nan da ake kira ƙwaƙwalwar na'urar, wanda ke yin dukkan lissafinta.

Maganar ta shafi ɗan kasuwa kai tsaye, domin kwamfutar da ke ɗakinsa ita ke riƙe da littafin bashi, da lissafin hajar da ke sito, da takardun kwastan, da wasiƙun abokan ciniki. Tun daga watan Yunin 2023 da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuɗin duk wani kayan lantarki da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi, saboda haka na'urar da a da za a yar a sayi wata, yanzu ta zama kadarar da ake lallaɓawa.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Furosesa ɗan falle ne na silikon wanda bai fi girman kan sarki ba, amma a cikinsa akwai ƙananan makunnai da ake kira taranzista, waɗanda ke kunnuwa suna mutuwa sau biliyoyi a daƙiƙa guda. Kowace kunnawa tana cin 'yar wuta kaɗan, kuma wutar ba ta da wata mafita sai ta zama zafi. Furosesar kwamfutar tebur irin ta ofis tana fitar da zafin da ya kai wat 65, ta tafi-da-gidanka kuma tsakanin wat 15 zuwa 45. Manyan da ake yi don masu zane da masu haɗa fim sun wuce nan nesa: samfurin Core i9-13900K da kamfanin Intel ya fitar a 2022 yana iya kaiwa wat 253. Dutsen guga na lantarki yana cin kamar wat 1,000, amma yana baza zafinsa a kan faffaɗan ƙarfe. Idan aka auna taki da taki, zafin da ke fita daga fuskar wannan furosesa ya ninka na dutsen guga fiye da sau goma.

A farkon zamanin kwamfutar gida ba a san wannan damuwa ba. Furosesar 386 da ta fito a 1985 tana da taranzista 275,000, kuma wat 2 ko 3 take ci, don haka tsirara ake kafa ta a kan allo, ba ƙarfe ba fanka. Al'amarin ya sake ne a watan Maris na 1993, da fitowar Pentium ta farko mai taranzista miliyan 3.1, wadda ke aiki da bolt 5 tana fitar da zafin kimanin wat 15. Daga nan fanka ta hau kan furosesa ba ta sake sauka ba. Kamfanoni suka shiga tseren gudu, zafi na bin su a baya, har zuwa 2004 lokacin da samfurin Pentium 4 mai laƙabin Prescott ya kai wat 115. A wannan shekara ce Intel ya janye shirinsa na fitar da Pentium 4 mai gudun gigahaz 4, ya koma ga haɗa ƙwaƙwalwa biyu ko fiye a falle ɗaya, kowace tana tafiya a hankali. Core 2 Duo da ta fito a 2006 ta fi magabatanta aiki da wat 65 kacal. Ke nan zafi ne ya tilasta wa masana'antar duniya baki ɗaya sake hanya.

A tsakanin waɗannan shekaru ne kuma aka koya wa furosesa kare kanta. A 2001 mujallar Tom's Hardware ta nuna wani gwaji da ya yi suna, inda aka cire ƙarfen sanyaya daga kan furosesoshi suna cikin aiki. Pentium 4 ta rage gudu ta tsira, wata Athlon ta kamfanin AMD kuwa ta yi hayaƙi ta ƙone nan take. Furosesoshin yau, na kamfanonin biyu, duk suna da ma'aunin zafi a cikinsu. Idan zafi ya kusa iyaka, wadda galibi tana tsakanin digiri 95 da 105 na ma'aunin Salshiyas, sai su rage gudu da kansu, idan abin ya faskara su kashe na'urar ɗungurum. Wannan shi ne nauyin da mai kwamfuta ke ji da azahar, shi ne kuma ɗaukewar da ke zuwa ba gargaɗi. Furosesar da wuya ta mutu, amma aikin da ba a adana ba ya tafi, kuma ɗaukewa a tsakiyar rubutu kan faifan ajiya tana iya lalata fayil ɗin da aka yi shekaru ana tarawa.

Hanyar da zafi ke bi ya fita gajeriya ce, amma kowane mataki nata yana iya toshewa. Daga furosesa yana shiga wani farin mai ko toka-toka da ake shafawa a samanta. Daga man yana shiga ƙarfen sanyaya, wanda ake yi da alminiyam ko jan ƙarfe, mai haƙora jere kamar mataji domin ya sami faɗin haɗuwa da iska. Fanka kuma ta hura iska tsakanin haƙoran ta kwashe zafin ta fitar da shi cikin ɗaki. A kwamfutar tafi-da-gidanka, inda wuri ya yi ƙaranci, akwai siririn bututu na jan ƙarfe da aka zuƙe wa iska aka bar ɗan ruwa a ciki. Ruwan yana tururi a gefen furosesa, tururin ya gudu zuwa gefen fanka ya huce ya koma ruwa, ya sake dawowa, haka dai ba tsayawa.

A nan ne matsalar ƙasashe masu zafi take. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Ɗan Adam yana jin daɗinta ne saboda tana busar da gumin jikinsa, ƙarfe kuwa ba ya gumi. Iyakar abin da fanka za ta yi wa furosesa shi ne ta kawo mata iskar ɗaki, don haka ba yadda za a yi na'urar ta fi ɗakin da take ciki sanyi. Kusan duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙaru, furosesa ma ta ƙaru da ɗaya. Kwamfutar da ke aiki a digiri 78 a ofis mai sanyin digiri 22 a Ingila, idan aka kawo ta ɗakin da ya kai digiri 40, za ta nufi digiri 96, ba tare da komai ya lalace a jikinta ba. Masu ƙera na'urorin ba su ɓoye wannan ba. Kamfanin Apple ya rubuta cewa a yi amfani da kwamfutocinsa na tafi-da-gidanka a wurin da ke tsakanin digiri 10 da 35, kuma digiri 35 ɗin nan ita ce iyakar da mafi yawan kamfanoni ke rubutawa a littafin kayansu. Manyan ɗakunan ajiyar bayanai na bankuna da kamfanonin sadarwa kuwa, ƙa'idar da ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gine-gine ta Amurka, ASHRAE, ta shimfiɗa musu ita ce digiri 18 zuwa 27.

Sai a gwada waɗannan alƙaluma da yanayin Nijeriya. A Sakkwato da Maiduguri, wuce digiri 40 a watan Afrilu ba labari ba ne, kuma a Afrilun 2010 an auna digiri 46.4 a Yola. A Ikko da Badun da Fatakwal zafin rana a Fabrairu da Maris yakan tsaya wajen digiri 33 zuwa 35, amma wannan awon inuwa ne a fili. Ɗaki mai rufin kwano marar silin, ko shagon kwantena da rana ta yini tana duka, yana wuce haka sosai. Ma'ana, watanni biyu ko uku a kowace shekara, kwamfutoci masu yawa a ƙasar nan suna aiki ne a bakin iyakar da aka ƙera su a kai, ko ma bayanta. Abin lura, tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango da soro ya fi ginin bulo da kwano dacewa da na'urar zamani a wannan fanni.

Bazara kuma ba ta zuwa ita kaɗai, tana biyo bayan hunturu ne. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, ɗaya daga cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura a duniya, tana isa har gaɓar teku tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Kwamfuta kuwa tana yini tana shaƙar iska, ta haɗa da ƙurar. A tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya ƙurar ke taruwa, ta haɗu da zaren tufafi da gashi ta zama kamar bargo. A kwamfutar tafi-da-gidanka bargon yakan toshe bakin mafitar iska gaba ɗaya, fanka na ta juyawa amma ba abin da ke fita. A watannin sanyi ba a gane ɓarnar, saboda iskar ɗaki na rufa asiri. Ranar da zafi ya sauka ne asirin ke tonuwa. Hayaƙin turaren wuta, da na taba, da na girki, da na janareta, duk suna barin wani danƙo a jikin ƙarfe wanda ke riƙe ƙura, don haka ɗakin da ake yawan turarawa ba wurin ajiye kwamfuta ba ne. Kyankyaso da tsaka ma suna son ɗumin akwatin wutar na'urar, kuma masu gyara sun saba cin karo da gawarsu a ciki.

Saboda haka lokacin da ya fi dacewa a share cikin kwamfuta shi ne ƙarshen hunturu, kafin zafi ya kama, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin ba shi da wuya a kwamfutar tebur. A kashe ta, a zare wayar daga bango, a fitar da ita waje, a buɗe murfin gefe, a hure ta da ƙaramar na'urar hura iska irin ta masu gyara. A riƙe fanka da yatsa ko tsinke yayin hurawa, domin idan iska ta juya ta fiye da ƙima tana cin gindinta. Wasu sukan kai wa mai faci ya hure musu da injin bai wa taya iska. Wannan ganganci ne, domin iskar injin tana da ƙarfin da zai iya fizge ƙananan sassa, kuma takan fito da ɗigon ruwa da mai. A lokacin bushewar iska jikin mutum yana tara irin wutar nan da ke tartsatsi idan an cire riga, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe sashen lantarki, don haka a fara taɓa ƙarfen akwatin kafin a kai hannu ciki. Ita kuwa tafi-da-gidanka, sassanta a matse suke, wayoyinta sirara, gara a kai ta wurin wanda ya iya.

Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfe shi ne abin da aka fi mantawa da shi. Fuskokin biyu suna da santsi a ido, amma a ƙarƙashin madubin ƙara girma cike suke da ramuka, kuma iskar da ke maƙalewa a ramukan ba ta wuce da zafi. Jan ƙarfe ya fi iska iya ɗaukar zafi fiye da sau dubu goma. Aikin man shi ne ya kori iskar ya cike gurbinta. Bayan 'yan shekaru yakan bushe ya tsattsage kamar laka a kan fadama, zafi ya rasa gada. Wannan ya fi shafar kayan gwanjo, waɗanda a kudu ake kira tokumbo. A 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta ƙiyasta cewa kwantena 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Ikko kowane wata, kuma har yanzu gwanjo ne ke riƙe da babban kaso na kasuwar. Na'urar da ta yi shekara biyar ko shida a wani ofishi a Turai tana zuwa ne da manta na asali. Mai saye da ya san ciwon kansa zai nemi a sake mata mai tun kafin ta bar shago. Ana goge tsohon da sinadarin isopropyl, a ɗiga sabon kamar ƙwayar wake a tsakiya, a mayar da ƙarfen a ɗaure kusoshinsa daidai wa daida. Yawan man ba ya ƙara komai. Man goge baki da girishin mota da wasu ke sakawa kuwa, kwana kaɗan suke yi su bushe ko su tsiyaye. Kuma duk lokacin da aka ɗaga ƙarfen, ko da leƙawa aka yi, dole a sake sabon mai.

Bayan shara, sai mazauni. Akwatin kwamfutar tebur yana shaƙar iska ta gaba ya fitar ta baya, don haka a bar masa aƙalla taƙi ɗaya tsakaninsa da bango. Teburan kwamfuta masu ɗan kabad da ake cusa akwatin a rufe ƙofa sun yi wa na'urori da yawa illa, domin iskar da ta fita da zafi ita ce ke sake komawa ciki. A ɗaga akwatin daga ƙasa inda ƙura ke kwanciya, a nisanta shi da tagar da rana ke shigowa. Rigar leda ko ƙyallen da ake lulluɓe na'ura da shi don ƙura yana da amfani idan tana kashe, amma a cire shi gaba ɗaya kafin a kunna. Tafi-da-gidanka ta fi shan wahala a gida, domin mashaƙar iskarta tana ƙasa, kuma a kan katifa ko matashi ko darduma aka fi aiki da ita. Faifan katako ko tiren ƙarfe ya wadatar, kuma ɗaga bayanta da ɗan abu kamar kaurin yatsu biyu yana rage zafi yadda za a gani a ma'auni. Barin ta a cikin mota a rana kuwa, inda zafi kan wuce digiri 60, yana cin batirinta ko da a kashe take.

Ba sai an yi ta kintace ba, domin na'urar tana faɗin zafinta. Akwai manhajoji na kyauta irin su HWMonitor da Core Temp da ke nuna awon furosesa a kan allo. Idan ba a aikin komai, digiri 40 zuwa 55 a ɗaki mai zafi ba abin damuwa ba ne. A cikin aiki mai nauyi, 70 zuwa 85 daidai ne. Na'urar da ke zaune a kan 90 da ɗoriya alhali wasiƙa kawai ake bugawa, tana da matsala. Sai dai wasu sababbin samfura, kamar jerin Ryzen 7000 na AMD da ya fito a 2022, an ƙera su ne su hau har digiri 95 da gangan idan aiki ya yi nauyi, don haka a duba abin da kamfani ya rubuta kafin a tayar da hankali. Yana da kyau a rubuta awon kafin shara da bayanta, domin ta haka ne mai kwamfuta zai san ko kuɗin da ya biya mai gyara ya yi aiki.

Akwai kuma rage zafin tun daga tushe, wanda ba ya cin ko kwabo. Furosesoshin zamani suna da dabarar ƙara wa kansu gudu na ɗan lokaci, kuma don yin haka sai sun ƙara ƙarfin wutar da suke ja. Zafi yana hawa ne da ninkin ƙarfin wutar a kan kansa, saboda haka ɗan gudun ƙarshen nan shi ne mafi tsada. A cikin Windows, a sashen Power Options, akwai wurin da ake ƙayyade iyakar aikin furosesa. A na'urori da dama, mayar da shi kashi 99 maimakon 100 yana hana wannan ƙarin gudu, zafi ya sauka sosai, kuma mai aikin lissafi da wasiƙu da wuya ya ji bambanci. Haka nan a duba manhajojin da ke tashi da kansu a ɓoye. Kwamfutar da ke ruri alhali ba wanda ke taɓa ta, mai yiwuwa wata muguwar manhaja ce ke haƙar kuɗin intanet da ita, wani na can yana cin riba mai na'ura na biyan kuɗin wuta. Aiki mai nauyi kamar haɗa bidiyo ko juyar da manyan fayiloli, a bar shi sai bayan sallar Asuba ko da dare.

Tambayar da 'yan kasuwa suka fi yi ita ce ko sai an sayi na'urar sanyaya ɗaki. Lissafin a bayyane yake. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga farashin masu rukunin A zuwa Naira 225 kan kowane kilowat na awa guda. A kan wannan farashi, na'urar sanyaya ɗaki mai cin kilowat ɗaya, idan ta yi awa 8, ta ci Naira 1,800 a yini, wato Naira 46,800 a kwanakin aiki 26. Wanda ke kan janareta kuwa, tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, nasa ya fi haka. Ƙarin fanka guda a cikin akwatin kwamfuta tana cin kamar wat 2, abin da bai kai Naira 4 a yini ba. Ga mai kwamfuta ɗaya a gida, shara da sabon mai da ƙarin fanka da buɗe taga sun isa a mafi yawan lokuta. Lissafin yana sakewa ne ga mai shagon buga takardu ko cibiyar jarrabawa. Kwamfutocin tebur 10, kowace da allonta tana cin wat 150, sun zama murhu mai wat 1,500 da ke ci yini guda a rufaffen ɗaki, ban da zafin jikin mutanen da ke ciki. Jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, galibi tana faɗowa ne a tsakiyar watannin zafi, kuma a zaure mai ɗaruruwan na'urori sanyaya ɗaki wajibi ne. Wanda ke da tsohon allo mai ƙeya ya sani cewa shi kaɗai yana fitar da zafin da ya ninka na falalen allo sau biyu ko uku.

Ɗaukewar wuta tana da wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Idan wuta ta tafi, fankar ɗaki da na'urar sanyi suna tsayawa, amma kwamfutar da ke kan UPS ko inbata tana ci gaba da aiki a ɗakin da aka rufe ƙofofi da tagogi don tsare sanyi. Cikin ɗan lokaci ɗakin ya zama tanda. Idan ba za a tayar da janareta nan da nan ba, a buɗe taga ko a kashe na'urar.

Wasu dabarun gaggawa suna da amfani, wasu kuma ɓarna ce tsantsa. Buɗe murfin gefe a fuskantar da fankar tsaye yana sauke zafi a ranar da aka matsu, amma yana cika cikin da ƙura, kuma haɗari ne a gidan da ke da yara. Ɗora ƙanƙara ko jiƙaƙƙen tsumma, ko saka tafi-da-gidanka a firiji, yana jawo raɓa a kan sassan lantarki, irin wadda ke tsatsafowa a jikin kwalbar lemo mai sanyi, kuma ɗigo ɗaya ya isa ya haɗa wuta. Haɗarin ya fi yawa a biranen gaɓar teku irin su Ikko da Kalaba, inda iska ke cike da laima. Fankar nan mai tankin ruwa tana aiki a busasshiyar iskar arewa, amma a kudu laima kawai take ƙarawa, kuma ko a ina ne kada a fuskantar da ita kan na'ura. Tsarin sanyaya furosesa da ruwa, wanda matasa masu wasannin kwamfuta ke sha'awa, shi ma a ƙarshe iskar ɗaki yake miƙa wa zafin. Yana da tsada, famfonsa na iya tsayawa, kuma kwamfutar lissafin shago ba ta da buƙatarsa.

Ko da yake furosesa ce aka fi ambata, maƙwabtanta sun fi ta rauni. Ƙananan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan babban allon na'urar da cikin akwatin wuta, waɗanda ake kira kafasita, suna da ruwan sinadari a ciki wanda zafi ke busarwa. Ƙa'idar da masu ƙera su ke bi ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsu biyu. A farkon shekarun 2000 an yi annobar gurɓatattun kafasita da suka riƙa kumbura suna fashewa, har a 2005 kamfanin Dell ya ware kimanin Dala miliyan 300 don gyaran kwamfutocinsa na ofis samfurin OptiPlex. Mai sayen gwanjo zai iya dubawa da idonsa: kafasita mai lafiya kanta a shafe yake, wadda ta kumbura ko ta yi tsatsa a sama ta gama aiki. Faifan ajiya mai juyawa kuwa ya fi juriya fiye da yadda aka daɗe ana zato. Binciken da kamfanin Google ya wallafa a 2007 a kan faifai sama da 100,000 bai sami alaƙa mai ƙarfi tsakanin matsakaicin zafi da mutuwarsu ba, sai a tsofaffin faifai da zafi ya yi wa yawa. Duk da haka, littafin bashin da ba shi da kwafi a wani wuri dabam yana cikin haɗari a kowane yanayi.

Batir ne ya fi kowa jin jiki. Batiran UPS da na inbata masu ruwan dalma ana auna rayuwarsu ne a digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana cinye rabinta. Batirin da aka rubuta wa shekara huɗu zai iya gajiya cikin biyu idan an ajiye shi a lungun da iska ba ta shiga, ko kusa da janareta. Na tafi-da-gidanka kuma, zafi tare da barinsa a cike a jikin wuta dare da rana yana sa shi kumbura. Alamarsa ita ce madannai su ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, ko na'urar ta daina zama daidai a kan tebur. Batirin da ya kai wannan hali ba a matsa shi ba a huda shi, domin yana iya kamawa da wuta. A kashe na'urar, a zare ta daga caji, a kai wa mai gyara ya cire shi a ranar.